Maganin da A ke Ajiyewa Cikin Ƙashi

A darasin yau za mu karanta labarin wani ciwo mai tsanani da ya kan kama ƙashi, da wata dabara da likitoci su ke gwadawa don su yaƙe shi. Ku karanta a hankali, kashi ɗaya bayan ɗaya. In kun gamu da kalmar da ba ku sani ba, ku duba ƙarshen darasi, an fassara ta a can.

1. Ƙashi yana da rai

Babban mutum yana da ƙasusuwa 206 a jikinsa. Mutane da yawa suna tsammani ƙashi busasshen abu ne kamar dutse, domin irin wanda su ke gani a juji ke nan. Ƙashin mai rai ba haka ya ke ba. Yana da jijiyoyin jini, yana da ɓargo, yana girma, in ya karye kuma ya kan haɗe.

An gina ƙashi da waɗansu 'yan ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Waɗansunsu magina ne. Waɗansu kuwa aikinsu rushe tsohon ƙashi don a sa sabo, kamar yadda mu ke kankare tsohon yaɓe mu yi sabo kafin damina. Muddin kowa ya tsaya kan aikinsa, ƙashi yana nan lafiya.

2. Ciwon dajin ƙashi

Wani lokaci waɗansu daga cikin maginan nan su kan lalace. Sai su dinga hayayyafa ba tsayawa, suna gini inda ba a sa su ba, suna cinye ƙashi mai kyau. Wannan shi ne ciwon daji, watau sankara. Irin wanda ya fi kama ƙashin yara da samari likitoci suna kiransa ostiyosakoma.

Galibi ya kan kama masu shekara 10 zuwa 25, lokacin da ƙashi ya ke saurin tsawo. Ya fi son wajen gwiwa, watau ƙarshen ƙashin cinya ko farkon ƙashin ƙwauri. Ya kan kama damtse kuma, kusa da kafaɗa. Ba ciwo ne mai yawa ba. A cikin mutum miliyan 1, kamar 3 ko 4 ya kan kama a shekara. Ba a ɗaukarsa daga wani. Ba sammu ba ne. Faɗuwa ko bugu kuma ba sa kawo shi, sai dai su sa a lura da wurin da ciwon ya riga ya zauna.

Mugun halinsa shi ne ba ya tsayawa wuri ɗaya. 'Ya'yansa su kan bi jini su tafi huhu, su tsira a can.

3. Wuƙa da allura

Kafin 1970 abin da likita ya ke iya yi shi ne ya yanke ƙafar ko hannun. Duk da haka, a cikin majiyyata 10, kamar 2 kaɗai su ke kai shekara 5 da rai. Dalili kuwa, 'ya'yan ciwon sun riga sun isa huhu tun kafin a sa wuƙa.

Daga shekarun 1970 aka fara haɗa fiɗa da magunguna masu ƙarfi da a ke ɗurawa ta jijiya. Manyansu 3 ne: metotirekset, da dokzorubisin, da sisfilatin. A kan ba majiyyaci magani na kamar mako 10, sa'an nan a yi fiɗa a cire ƙashin da ya kamu, sa'an nan a ci gaba da magani waɗansu watanni. Da wannan hanya, a cikin majiyyata 10 da suka zo kafin ciwon ya bazu, 6 ko 7 su kan kai shekara 5 da rai. A manyan asibitoci masu kayan aiki, 8 ko 9 cikin 10 ba a yanke musu ƙafa. A kan cire ƙashin da ya lalace kaɗai, a sa ƙarfe ko wani ƙashi a gurbinsa.

Amma fa magungunan nan suna da tasu wahala. Abin da aka ɗura a jijiya ya kan zaga jiki duka, ya taɓa inda ke ciwo da inda ba ciwo. Majiyyaci ya kan yi amai, gashinsa ya zube, bakinsa ya yi miki. Dokzorubisin in ya yi yawa ya kan raunana zuciya. Sisfilatin ya kan taɓa ƙoda da kunne. Saboda haka akwai iyakar da likita ba ya iya wucewa, ko da ya so ya ƙara.

4. Abu biyu da su ke saura bayan fiɗa

Sa'ad da likita ya gama fiɗa, abu biyu su ke damunsa.

Na fari shi ne gyauro. Kowane manomi ya sani, kome kyan girbi, sai waɗansu ƙwayoyi sun zube a ƙasa, in ruwa ya sauka su tsiro. Haka ciwon nan ya ke. Likita ya kan yanka har cikin nama mai lafiya don kada ya bar kome. Duk da haka 'yan ƙwayoyin da ido ba ya gani suna iya saura a bakin raunin. In suka tsiro, ciwon ya dawo ke nan, kuma dawowarsa ta fi zuwansa na fari wuyar magani.

Na biyu shi ne rami. Inda aka cire ƙashi ya zama fili. Dole a cike shi da wani abu, in ba haka ba ƙafa ba za ta ɗauki mai ita ba.

To, sai masu bincike suka ce, tun da ya ke dole a cike ramin, me zai hana a cike shi da abin da ke ɗauke da magani? Abin ya toshe ramin, ya kuma dinga sakin magani kaɗan kaɗan a daidai inda gyauron ya ke. Ku dubi mai lambu. In shuka ɗaya ce ke jin ƙishi, ba ya malale lambun duka da ruwa, gindinta ya ke zuba wa. Dabarar ke nan.

5. Yadda aka fara da siminti

Wajen 1960 wani likitan ƙashi a Ingila, sunansa John Charnley, ya fara manna ƙugun ƙarfe a ƙashin mutane da wani abu da a ke kira simintin ƙashi. Ba simintin gini ba ne. Wata irin roba ce, dangin wadda a ke yin haƙoran roba da ita. Gari ne da ruwansa. In aka kwaɓa su sai su yi laushi kamar ƙullu, cikin minti 10 zuwa 15 kuma su daskare su yi tauri.

A 1970 wani likita a birnin Hambug na ƙasar Jamus, sunansa Buchholz, shi da abokin aikinsa suka ba da labarin wata dabara. Suka zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin garin simintin kafin su kwaɓa, don kada wurin fiɗa ya yi mugunya. Dabarar ta yi amfani. A cikin shekarun 1970 wani likita kuma, Klemm na birnin Farankfot, ya mulmula irin wannan siminti ƙanana ƙanana kamar ƙwayar wake, ya jera su a siririyar waya kamar carbi. A kan kwantar da carbin cikin ƙashin da ke mugunya, in ya gama aikinsa a zare shi. Har yau a na aiki da siminti mai maganin mugunya a asibitocin ƙashi na ƙasashe da yawa.

Ta yaya magani ke fita daga abu mai tauri? Ku tuna da sabuwar randa. Ba ta fashe ba, ba ta da huda da ido ke gani, amma bayanta kullum a jiƙe ya ke, domin ruwa yana tsattsafowa ta ƙananan kafofi. Simintin ƙashi ma yana da 'yan kafofi. Ruwan jiki ya kan shiga ta nan, ya narkar da magani, ya fito da shi. Ta haka maganin ya kan taru da yawa a bakin raunin, kaɗan ne ke shiga jini.

6. Daga maganin mugunya zuwa maganin daji

Da aka ga haka, sai aka ce bari a gwada da maganin daji. A 1989 wani likita a Faransa, Philippe Hernigou, da abokan aikinsa suka buga sakamakon gwajinsu. Sun kwaɓa metotirekset cikin siminti. Suka tarar daskarewar simintin ba ta lalata maganin ba. Kashi 10 cikin 100 ya fito cikin awa 18 na farko, saura kuma ya yi ta tsattsafowa kaɗan kaɗan har wata 6.

Suka gwada a kan manyan karnuka 17 da ke da wannan ciwo. Kada ku yi mamaki. Manyan karnuka su kan kamu da ciwon dajin ƙashi irin na mutum, har sun fi mutum yawan kamuwa. Aka cire musu ƙashin da ya kamu, aka cike da siminti mai magani. Dawowar ciwon ta ragu, kwanansu ya ƙaru. Amma 4 daga cikinsu rauninsu ya daɗe bai warke ba. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Simintin roba yana da aibi 3. Ba ya narkewa, yana nan a jiki muddin ba a cire shi ba, ƙashi kuma ba ya tsirowa cikinsa. Yawancin maganin da aka zuba ya kan maƙale a tsakiyarsa, na bakin-baki ne ke fita. Sa'an nan lokacin da ya ke daskarewa ya kan yi zafi ƙwarai, ba kowane magani ne ke jure wannan zafi ba.

7. Abubuwan da ke narkewa

Saboda haka aka shiga neman abin da zai riƙe magani, ya sake shi, sa'an nan shi kansa ya narke ya ba sabon ƙashi wuri.

Akwai farin garin nan da a ke ɗaure karaya da shi a asibiti, wanda mu ke kira filasta. Tun 1892 wani likita a Jamus, Dreesmann, ya cike ramukan ƙashi da irinsa. Yau a na tace shi ƙwarai, a yi ƙwayoyi da shi, a haɗa da maganin mugunya. Jiki ya kan shanye shi cikin 'yan makonni.

Akwai wani siminti da aka ƙago a Amurka cikin shekarun 1980, wanda aka yi da irin gishirin da ke cikin ƙashi kansa. Ba ya zafi in yana daskarewa, ƙashi kuma ya kan karɓe shi ya maye gurbinsa sannu a hankali. Akwai wani gilashi na musamman da Larry Hench ya ƙago a jihar Fulorida a 1969, wanda ƙashi ke mannewa da shi. Akwai kuma roba mai narkewa, dangin zaren ɗinkin rauni wanda ba a warwarewa. Likitocin dabbobi na jami'ar jihar Kolorado a Amurka sun yi amfani da soso na irin wannan roba mai ɗauke da sisfilatin, suka ajiye shi a wurin fiɗar karnuka masu ciwon dajin ƙashi. A 2004 suka ba da labari cewa ciwon bai cika dawowa a wurin ba kamar na waɗanda ba a sa wa maganin ba, amma bambancin bai kai a yanke hukunci da shi ba.

A ciwon dajin ƙwaƙwalwa dabarar ta riga ta isa ga mutane. A 1996 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da wani abu mai suna Gliadel. Faifai ne ɗan ƙarami kamar maɓallin riga, ɗauke da magani. In likita ya cire ƙarin, ya kan jera har 8 a cikin ramin, su narke cikin mako 2 ko 3. Ba ya warkar da ciwon, amma a gwaji ya ƙara wa majiyyata kwana na kamar wata 2. Wannan ya nuna hanyar tana biyuwa.

8. Abin da ya sa aikin ke da wuya

Yanzu mu komo kan karnukan nan 4 da rauninsu ya ƙi warkewa da wuri. Maganin daji yana kashe duk ƙwayar da ke saurin hayayyafa. To, maginan da za su rufe rauni su gina sabon ƙashi, su ma saurin hayayyafa su ke yi. Maganin bai san na gida da baƙo ba. In ya fito da yawa gaba ɗaya, sai ya ƙone nama mai lafiya, ya shiga jini ya yi ɓarna. In ya fito kaɗan ƙwarai, gyauro ya tsira. Abin da a ke nema shi ne magani ya fara fita ya gama aikinsa, sa'an nan magina su shigo, kamar manomin da ke fesa maganin ciyawa tukuna, ya dakata, sa'an nan ya yi shuka.

Wahala ta biyu ita ce nauyi. Ƙashin cinya shi ke ɗauke da mutum. Abin da ke narkewa galibi ba shi da ƙarfin ƙashi, sai an tallafe shi da ƙarfe.

Wahala ta uku ita ce babba. Maganin da aka ajiye a gwiwa gwiwa ya ke tsaro. Ba zai kashe 'ya'yan ciwon da suka riga suka tafi huhu ba, alhali kuwa na huhun su ne suka fi kisa. Don haka, ko an gama gyara wannan dabara, ba za ta kori wuƙa ba, ba kuwa za ta kori maganin jijiya ba. Taimako za ta yi musu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga inda maganar ta tsaya. Siminti mai maganin mugunya ya zama kayan aiki na kullum. Amma abin cike ƙashi mai maganin daji yana hannun masu bincike tukuna, yawancin gwajinsa a ɗakin bincike ne da kan dabbobi. Ba a sayar da shi a kasuwa. Duk wanda ya zo muku da wani ƙulli ko gari ya ce a tsaga kumburi a cusa, wai irin na Turai ne, ku sani maƙaryaci ne, kuɗinku ya ke so.

9. Abin da ke hannunmu

Duk dabarun nan da muka karanta suna amfani ne ga wanda ya zo da wuri. Likitocin ƙashi na ƙasarmu sun daɗe suna kuka da abu ɗaya: yara da yawa ba a kawo su sai kumburi ya yi girma, ko ya fashe, ko ciwo ya kai huhu. A lokacin nan ba sauran zancen ceton ƙafa. Zuwa da wuri kuwa ba ya bukatar ɗakin bincike. A hannun iyaye ya ke.

Ku lura da alamun nan ga yaro ko saurayi ko budurwa:

Ciwo a ƙashi wuri ɗaya, wanda ya wuce mako 2 ko 3 yana ƙaruwa, musamman mai hana barci da dare.

Kumburi mai tauri kusa da gwiwa ko kafaɗa, wanda ba ya sacewa.

Ɗingishi ba tare da wani rauni ba.

Karaya daga ɗan bugun da bai isa ya karya ƙashi ba.

Yawancin masu irin wannan alama ba ciwon daji gare su ba. Amma ido ba ya rarrabewa, hannu ma ba ya rarrabewa. Sai an ɗauki hoton ƙashi, in ta kama kuma a ɗebi ɗan nama a duba da madubi. Maɗori ya san karaya, amma wannan ciwo ba karaya ba ne. Matsa shi da ɗaure shi ba su da amfani, kwanaki kawai su ke ci. Kada a yi tsaga, kada a kafa ƙaho, kada a yi lalas a kan kumburin.

Ku kai yaro asibiti mafi kusa, ku roƙi a ɗauki hoto. In likita ya tura ku babban asibiti, kamar Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ko wani asibitin koyarwa, ku tafi a makon nan, kada ku ce sai bayan girbi. Waɗansu iyaye su kan gudu da ɗansu da zarar sun ji zancen fiɗa, don tsoron a yanke ƙafa. Ku sani jinkirin ne ya fi jawo yankewar. In kuwa likita ya ce ba makawa sai an yanke, to, ƙafar roba tana samuwa, yaro ya koma makaranta, ya yi sana'a, ya yi aure. In an fara maganin jijiya kuma, a daure a kai ƙarshensa, ko da yaro ya ga sauƙi a tsakiya. Dangi da maƙwabta su taimaka da kuɗin mota da abinci da jinya, gama nauyin ya fi ƙarfin gida ɗaya.

Ku da kuka iya karatu yanzu, ku karanta wa waɗanda ba su iya ba wannan kashi na 9, a zaure da cikin gida. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Sababbin kalmomi

Sankara: ciwon daji.

Ostiyosakoma: ciwon dajin ƙashi da ya fi kama yara da samari.

Fiɗa: aikin da likita ke yi da wuƙa, watau tiyata.

Simintin ƙashi: abin da likita ke kwaɓawa ya cike ramin ƙashi ko ya manna ƙarfe da shi.

Madubin likita: na'urar da ke girmama ƙananan abubuwa har ido ya gan su.

Tambayoyi

1. Ƙasusuwa nawa ne a jikin babban mutum?
2. Wane wuri ne ciwon dajin ƙashi ya fi kamawa?
3. Me ya sa yanke ƙafa kaɗai bai isa ba kafin 1970?
4. Waɗanne abu biyu ne su ke damun likita bayan fiɗa?
5. Ta yaya randa ta yi kama da simintin ƙashi?
6. Me ya sa maganin da aka ajiye a gwiwa ba zai kori maganin jijiya ba?
7. Faɗi alamu 4 da za su sa a kai yaro asibiti.

Lissafi

1. Daga 1892 zuwa 1970 shekara nawa ne?
2. An yi wa karnuka 17 fiɗa, 4 rauninsu ya daɗe bai warke ba. Nawa ne saura?

Rubutu

Kowa ya rubuta wasiƙa ta layi 6 zuwa ga wani ɗan'uwansa wanda ɗansa ke fama da kumburin gwiwa mai hana barci. Ya gaya masa abin da zai yi, da abin da ba zai yi ba.